Kafin a tara kuɗin sabon akwatin wifi, a leƙa bayan tebur

A makarantun da suka samu intanet, daga kolej-kolej na Maraɗi da Damagaram har lise na Tawa da Yamai, kukan ɗaya ne: “Rezo ba kyau.” Da an faɗi haka, maganin da ake kawowa bai wuce uku ba. Ko a ɗora wa kamfanin sadarwa laifi, ko a ƙara sayen forfe mai tsada, ko a ce akwatin wifi ya tsufa a sayo sabo. Biyun ƙarshe kuɗi suke ci, kuma kowa ya san aljihun da kuɗin ke fitowa. Na iyayen yara ne, ta hanyar karo-karon da COGES ko ƙungiyar iyaye ke tarawa, wani lokaci ma daga albashin malaman kansu.

Ra'ayina shi ne kada a fitar da ko dala kafin a yi gwajin awa ɗaya wanda ba ya cin komai, kuma wurin farko da ya kamata a duba shi ne tarin wayoyin da ke kewaye da akwatin. Ban ce kullum su ne masu laifi ba. Sau da yawa dai su ne, ko kuma wurin da aka ajiye akwatin, kuma gano hakan bai fi ƙarfin malamin aji ko uwar gida ba.

Abin da ya sa na damu da wannan magana ya wuce batun kuɗi. Na sha zama a taron da aka zargi ɗalibai da satar lambar sirri, aka zargi gardi da raba ta ga ƴan unguwa, aka zargi ƙaramin malamin da ke riƙe da ɗakin kwamfuta da cinye forfe wajen kallon fim. Iyaye kuma su fara kallon direkta da wani ido, suna tambaya a ɓoye ina kuɗinsu ya shiga. Idan matsalar kebul ɗaya ce da ke kwance kusa da eriya, to an bar jaki ana dukan taiki, kuma an ɓata sunan mutane a banza.

Hanyoyi biyu ne

Intanet da ke isowa salular yaro ko kwamfutar malami hanya biyu yake bi. Ta farko daga kamfani zuwa akwatin da ke ofis, ko ta kati ne, ko ta kebul, ko ta tauraron ɗan adam. Ta biyu daga akwatin zuwa na'urar da ke hannunka, ita ce wifi. Kamfani yana da alhakin ta farko. Ta biyu kuwa a cikin gininmu take, mu ne da ita. Wanda ya ce “rezo ba kyau” bai faɗi wace hanya ce ta toshe ba, kuma ƙara forfe ba ya gyara ta biyu ko kaɗan. Wanda bututun gidansa ya toshe, ko ya ninka kuɗin ruwan da yake biya, famfonsa ɗigo zai ci gaba da yi.

Wifi rediyo ne, irin wanda muka sani, sai dai zangonsa ya bambanta. Yawancin akwatuna suna magana a zangon 2.4 GHz, wato igiyar tana kaɗawa sau miliyar 2 da miliyan 400 a daƙiƙa ɗaya. Sababbi suna da na biyu, 5 GHz. Muryar akwatin ba ta da ƙarfi tun daga tushe, kuma kafin ta ratsa bango biyu ta isa ajin ƙarshe ta zama raɗa.

Malamai za su fi kowa gane abin da ke biyo baya. Idan kana koyarwa a aji mai shiru, yaron da ke layin baya yana jin ka ko ba ka ɗaga murya ba. Idan aka tayar da injin niƙa a bayan taga, muryarka tana nan yadda take, amma yaron ba ya fahimta. Sai ka maimaita, ka rage sauri, ka sake maimaitawa, darasin minti goma ya ci rabin awa. Haka wifi ke yi. Idan saƙo bai isa daidai ba sai a sake turo shi, kuma akwatin ya rage gudu don a ji shi. Sandunan da ke saman salula ƙarfin murya kawai suke nunawa, ba sa nuna ƙarar injin niƙa. Shi ya sa za ka ga sanduna a cike amma shafi ya ƙi buɗewa.

Kebul mai shuɗin baki

Akwai injin niƙa guda da aka auna aka tabbatar, kuma yana kan teburin ofisoshi da yawa. A shekarar 2012 kamfanin Intel ya fitar da rahoton bincike a kan USB 3.0, wato ƙofar USB da galibi cikinta shuɗi ne, wadda ake jona diskin ajiya na waje ko kile mai sauri. Wannan ƙofa tana tura bayanai da gudun gigabit 5 a daƙiƙa, kuma a wannan gudun tana fitar da hayaniyar rediyo mai faɗi wadda ta faɗo daidai kan zangon 2.4 zuwa 2.5 GHz. Injiniyoyin sun jona diskin waje suka auna, sai suka ga hayaniyar da ke zangon ta ƙaru da kusan desibel 20. A lissafi, desibel 20 ninki 100 ne. A gwajinsu, linzamin kwamfuta mara waya ya daina amsawa idan aka sa ɗan makarɓinsa dab da ƙofar da ke aiki.

Wannan hayaniya ba ta taciya, domin a cikin zangon wifi take zaune. Maganin da rahoton ya nuna shi ne kebul da mahaɗi masu rufin ƙarfe mai kyau, da kuma nisanta eriya daga wurin. Kebul mai arha, ko wanda ya tsage a wuya aka naɗe shi da salatif, shi ne ya fi zubar da ita. Sai a tuna yadda muke aiki a makarantu. Darussa da tsoffin takardun jarrabawar BEPC da Bak duk suna cikin diski ɗaya, an jona shi a kwamfutar ofis, akwatin wifi kuma yana zaune a kansa ko a gefensa saboda nan ne jonin wuta yake. Wasu akwatunan ma suna da tasu ƙofar USB a jiki, taƙi ɗaya daga eriya.

Kebul ɗin hoto na HDMI, wanda ke zuwa majigi ko talabijin, shi ma yana iya yin haka idan rufinsa ba shi da kyau. A 2019 masu amfani da ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi 4 sun gano cewa wani saitin girman hoto yana kashe mata wifi a tasha ta 1, saboda hayaniyar da ke fita ta ɓangaren hoton. Idan intanet yana yankewa duk lokacin da aka kunna majigi, ga inda za a fara dubawa.

Wayar kuran fa?

A nan ne ake yawan kuskure. Kuran da ke gidajenmu yana kaɗawa sau 50 ne kawai a daƙiƙa. Tsakanin 50 da miliyar 2 akwai nisan da ya sa lafiyayyar wayar kuran, ita kaɗai, ba ta shiga maganar wifi. Duk wanda ya ce a sake wayoyin makaranta gaba ɗaya saboda wifi, a tambaye shi hujja.

Ɓarnar tana zuwa ta wasu hanyoyi uku. Ta farko, abin da aka jona a wayar: cajar salula ta jabu, ƙwan fitila mai arha, inbatar sola da ke juya wutar batir ta koma ta gida, da joni mai sako-sako da ke tartsatsi. Waɗannan suna yanka wuta suna haɗawa dubban sau a daƙiƙa, hayaniyarsu kuma tana bin waya ta shiga akwatin ta cajarsa ko ta kebul ɗinsa. A ƙarshen 2015 hukumar kula da sadarwa ta Ingila, Ofcom, ta shawarci jama'a su nisanta akwatin intanet daga fitilun ado, da lasifika, da talabijin, da wayoyin wuta. Wannan ɓarnar yawanci ba ta kai ta USB 3.0 ba, amma inda aka cusa caja goma a ralonj ɗaya aka ɗora akwatin a kai, tana taruwa.

Ta biyu, ƙarfen kansa. Tsawon igiyar 2.4 GHz kusan santimita 12 da rabi ne, eriyar akwatin kuma an auna ta daidai da wannan tsawo. Dunƙulen wayoyin tagulla da ke manne da eriya yana canza yadda take watsa murya, ko da babu wuta a cikinsu. Haka kabad ɗin ƙarfe, da ƙofar ƙarfe, da rodin da ke cikin kankare, da kwanon rufi idan aka maƙala akwatin a ƙarƙashinsa. Ruwa ma yana shanye igiyar, saboda haka randa, da bango mai kauri da ya sha damina, da jikin ɗalibai sittin a aji duk suna rage ta.

Ta uku, kebul ɗin intanet da ke tafiya daga ofis zuwa ɗakin kwamfuta. A cikinsa akwai siraran wayoyi 8, an murɗe su biyu-biyu, kuma murɗin ne ke kare su daga hayaniya. An tsara shi ya yi aiki har mita 100. Idan aka wuce haka, ko aka yanke shi aka ƙulla da hannu, ko aka ɗaure shi da wayar kuran suka yi doguwar tafiya tare a bututu ɗaya, saƙonni kan lalace a hanya. Ƙa'idar masu sana'ar ita ce a raba su, inda kuma dole su haɗu, ɗaya ya gitta ɗaya ya wuce.

Gwajin awa ɗaya

Kayan aikin su ne kwamfuta ɗaya, da littafin rubutu, da mutum biyu. Sharaɗin kuma ɗaya ne: a canza abu ɗaya tak, a auna, a rubuta, sannan a taɓa na gaba. Wanda ya cire wayoyi biyar a tare ya ga an samu sauƙi bai san wace ce ba, gobe kuma zai mayar da ita.

Ma'aunin da na fi so shi ne umarnin ping, wanda ke cikin kowace kwamfuta. A ƙasan akwatin akwai takarda mai ɗauke da adireshinsa, sau da yawa 192.168.1.1 ko 192.168.0.1. A buɗe tagar umarni a rubuta ping, a bar fili, a sa adireshin. Kwamfutar za ta yi wa akwatin sallama ta ƙirga lokacin da amsa ta ɗauka. Saƙon ba ya fita daga ginin, don haka ba ya taɓa forfe, saɓanin manhajojin auna gudu da ke cinye mega da yawa a kowane gwaji. A wifi mai lafiya amsar tana dawowa cikin milisakan kaɗan, kuma ba a rasa ko ɗaya. Idan lambobin suna tsalle zuwa ɗaruruwa, ko wasu sallamomin ba sa samun amsa, to ciwon yana cikin gida.

A fara aunawa a wuri uku: kusa da akwatin, a tsakiyar gini, da ajin da ya fi nisa. A maimaita sau uku a kowane wuri. Daga nan a cire duk abin da ke ƙofar USB mai shuɗi, a auna. A kashe majigi a zare kebul ɗinsa, a auna. A zare cajoji daga ralonj a bar ta akwatin kaɗai, a auna. Sai a ɗauke akwatin daga cikin tarin wayoyin, a ɗaga shi sama da kan mutane, a ba shi tazarar mita ɗaya daga kwamfuta da diski da inbata, a auna.

Wannan mita ɗaya ba ƙaramin abu ba ne. A fili, idan aka ninka tazara sau biyu, ƙarfin igiyar rediyo yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Daga santimita 10 zuwa mita 1 an ninka tazara sau 10, a ƙiyasi hayaniyar ta ragu sau 100. Kusan abin da diskin ya ƙara ke nan a ma'aunin Intel. Idan makarɓin wifi na kwamfutar tebur irin na sokawa ne, ɗan kebul na ƙari da zai nisanta shi daga bayan kwamfutar yana yin wannan aiki.

Idan akwatin yana da 5 GHz, a mayar da na'urorin da ke kusa can. Hayaniyar USB 3.0 ba ta damun wannan zango kamar yadda take damun 2.4, sai dai shi ba ya ratsa bango sosai, don haka azuzuwa na nesa za su zauna a 2.4. A cikin gari, inda maƙwabta ke da nasu akwatunan, a gwada tasha 1, 6 ko 11, domin su ne ukun da ba sa hawa kan juna.

Idan bayan duk wannan ping zuwa akwatin yana da kyau a ko'ina amma intanet yana rarrafe, to hanyar farko ce ta toshe. Yanzu ne za a je wurin kamfani, da littafi a hannu, da ranaku da awoyi da lambobi. Kokensa ya fi nauyi a kan na wanda ya zo da “ba kyau” kawai, kuma idan ba a saurare shi ba akwai hukumar ARCEP da aka kafa don kula da harkar sadarwa.

Abin da za a ce mini

Wani zai ce, malam, aikin malami koyarwa ne, yana da aji mai cunkoso da takardun gyara, yanzu kuma za a mayar da shi mai gyaran intanet? Maganar tana da gaskiya. Amma abin da nake nema awa ɗaya ce kafin a kashe jikkuna masu yawa, ba sabon aiki na kullum ba. Mai gyara yana da wurinsa. Sai dai idan mai gyaran shi ne kuma mai sayar da akwatin, ba sai yana da mugun nufi ba kafin shawararsa ta karkata zuwa saye. Makarantar da ta riga ta auna tana tattaunawa da shi da ido a buɗe.

Wani zai ce an kulle akwatin a kabad ɗin ƙarfe ne saboda ɓarayi, kuma an sa shi kusa da inbata ne saboda nan ne wuta take. Duka biyun dalilai ne na gaske. Amma kafinta zai iya yin ƙaramin akwatin katako mai huji da kwaɗo a kafa shi a saman bango, mai gyaran wuta kuma ya ja joni ɗaya zuwa wurin. Akwai ƙarin riba a nan. Yawancin waɗannan akwatuna an yi su ne su yi aiki a zafin da bai wuce digiri 40 ba, mu kuwa a Afrilu da Mayu inuwa ma tana wuce haka. Akwatin da ke rufe a ƙarfe tare da cajoji masu zafi zai riƙa ɗaukewa da rana ko babu wata hayaniya.

Wani kuma zai ce, a ƙasar da yara da yawa ke karatu a rumfar zana, babu kuran balle kwamfuta, maganar wifi ta masu ƙoshi ce. Na yarda cewa rumfar zana ta fi gaggawa. Wannan ne ma ya sa nake ganin kuɗin da aka zuba a akwatin da ba a buƙata asara ce biyu, domin da ya sayi tebur ko alli ko littafi.

Akwai iyaka guda da ba na so a tsallake. Gwajin nan na zare filogi ne da matsar da kaya. Kada ɗalibi ya buɗe joni, ko ya taɓa batir da inbata, ko ya kama wayar da ta fere. Inda aka ji ƙaurin ƙuna ko aka ga baƙin tartsatsi a joni, a kashe wuta a kira mai sana'a. Wannan ya tashi daga matsalar intanet ya zama barazanar gobara.

Abin da nake roƙo

Ga COGES da ƙungiyoyin iyaye: ku mayar da shi ƙa'ida cewa ba a amincewa da sayen sabon akwati ko ƙarin forfe sai an kawo shafin gwaji a gaban taro. Ranar da aka zo kafa sabon kaya kuma, kada a biya cikon kuɗi sai mai kafawa ya auna a ajin da ya fi nisa, da majigi da diski da fanka duk a kunne, a gaban wakilin iyaye. Gani ya kori ji.

Ga malaman kimiyya: wannan darasi ne da ya zo har ƙofar aji. Ku kawo ƙaramin rediyo mai batir, ku sa shi a zangon AM inda babu tasha, ku kusanta shi da cajar jabu ko ƙwan fitila mai arha. Yara za su ji ƙugi yana ƙaruwa yana raguwa da tazara. Rediyon ba ya jin zangon wifi, amma yana nuna musu cewa na'ura tana fitar da abin da ido ba ya gani, kuma nisa yana rage shi. Daga nan ku ba su littafin, su yi hasashe, su canza abu ɗaya, su auna, su zana jadawali. Yarinyar da ta gano da hannunta cewa diski ne ke kashe wifi ta koyi yadda ake raba zato da hujja, kuma wannan zai yi mata amfani a asibiti da gona da kasuwa, inda babu wifi ko kaɗan.

Ga iyaye a gida: akwatin da ke bayan talabijin, tsakanin dikoda da lasifika da ralonj, a fito da shi a ɗora a kan kanta shi kaɗai, a bar shi kwana biyu a gani. Idan karatun yaro na dare ya daina yankewa, kuɗin sabon akwati ya zauna a aljihu. Idan bai daina ba, babu abin da aka rasa, kuma an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa.